Tsohuwar laftof ɗina ta fara ƙara, yaya zan kwashe kayana kafin ta mutu?

Umman Khairat: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masana kwamfuta a taimaka min. Ina da laftof tun 2013, lokacin ina karatun digiri, har yau Windows 7 ce a kanta. Kwana biyun nan in na kunna ta sai ta yi kusan minti goma kafin ta buɗe, kuma tana wata 'yar ƙara daga ƙasanta, ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango. Maigida ya sayo min sabuwa, yana so a ba ƙanina tsohuwar. Abin da ke ciki ya kai giga 210: hotunan bikina da na sunan yara, furojet ɗina, takardun makarantar da nake koyarwa, sai kuma wanda ya fi damuna, muryar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Karatun fiƙihu ne da yake bayarwa a zaure, ƙanina ya riƙa ɗauka da waya, muka zuba a nan. Me zan saya, kuma ta ina zan fara?

Injiniya Sadi: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Hajiya, in tana kunne yanzu kashe ta. Kada ki sake kunna ta sai abin da za ki zuba kayan yana hannunki. Wannan ƙarar daga had-dis take fitowa, wato ma'ajiyar da duk kayanki suke ciki. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa sau dubu biyar da ɗari huɗu a minti ɗaya a yawancin laftof, da wani ɗan hannu da ke karanta shi. In hannun ya nemi wuri ya kasa samu sai ya koma ya sake dawowa, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kike ji. Yana iya yin wata shida a haka, yana iya tsayawa gobe da safe. Duk kunnawar da kika yi, daga cikin sauran kwanansa kika ci.

Umman Khairat: Innalillahi. Jiya ma yara sun kalli katun a kai har dare.

Baban Walid: Abin ai ba wuya. Ki sayi filash mai tera 1, wato giga dubu, yanzu sun yi arha, masu turo baro ma na sayarwa. Ki zuba komai ki jefa a jaka.

Injiniya Sadi: Oga Baban Walid, wannan shawarar ita ce za ta ƙarasa aikin da had-dis ɗin ya fara. Filash mai tera 1 na gaske akwai shi, amma ba a baro ba, ba kuma a kuɗin cefanen yini ba. Na baro ɗan ƙaramin memori ne, giga 8 ko 16, aka yi masa dabara yana gaya wa kwamfuta ƙarya. Za ka ga yana karɓar kaya, sunayen fayiloli duk suna nan reras, amma da ya cika ainihin cikinsa sai ya riƙa rubuta sabo a kan tsoho ko ya zubar. Ranar da ka zo buɗe hoto sai ka tarar ba komai. Duk wanda ya sayi filash ko memori ya fara gwada shi da wata 'yar manhaja kyauta, H2testw. Tana cika shi fal sannan ta karanta, ta gaya maka gaskiyar girmansa.

Baban Walid: To ni nawa shekara guda ke nan bai ba ni matsala ba.

Zee: Giga nawa ka taɓa zubawa a ciki, Yaya?

Baban Walid: Takardu ne dai da waƙoƙi kaɗan.

Zee: Ai shi ke nan. Ba ka kai inda ramin yake ba tukuna.

Injiniya Sadi: Hajiya, abin da za ki saya shi ne had-dis na waje, wanda ake kira eksitanal, mai tera 1, a shago tsayayye wanda zai ba ki rasit. Seagate, WD ko Toshiba, duk ɗaya ne a wurina. In a Kano kike, Beirut Road ba za ki rasa ba. Ki ce sabo kike so a cikin kwalinsa, don akwai masu ɗaukar tsohon had-dis da aka ciro daga laftof su sa shi a sabon gida. Shi ma yana aiki, amma ba ki san shekarunsa ba, kin bar tsoho kin koma wurin wani tsohon.

Sannan tsarin kwashewa. Kada ki zaɓi komai gaba ɗaya ki ce tafi. Ki fara da abin da in ya ɓata ba a sake samunsa: muryar Baba tukuna, sai hotuna, sai furojet da takardu. Finafinai da katun su ne na ƙarshe, in ma dis ɗin ya mutu a kansu ba asara. Kuma kwafi za ki yi, ba kat ba. Na maimaita, kwafi. Kat yana goge na asali da zarar ya ga kamar ya kai, in wuta ta ɗauke a tsakiya ko kebul ya motsa, sai ki rasa gane wanne ya tafi wanne ya rage.

Umman Khairat: Batirin ya daɗe da mutuwa, da an ɗauke wuta take mutuwa.

Injiniya Sadi: To kada ki yi aikin a kan wutar NEPA. Ki je inda ake da sola ko inbata. Laftof ɗin 2013 tana iya zama da kafar USB mai shuɗin ciki, wato USB 3.0, in akwai nan za ki soka. In duk baƙaƙe ne, yawanci USB 2.0 ke nan, abin da take ja bai wuce mega 30 zuwa 35 a daƙiƙa ba. Giga 210 zai ci awa biyu a lafiyayyen dis, a naki mara lafiya ki sa ran yini.

Malam Habu Mai Bugu: Salamu alaikum. Injiniya ya yi bayani, amma akwai abin da ku masu gyara kuke mantawa, mu masu buga takardu muka sha wuyarsa. 'Yar'uwa, furojet ɗin naki da Hausa aka rubuta shi ko akwai Hausa a ciki?

Umman Khairat: Sashen Hausa na yi, Malam. Duk da Hausa ne.

Malam Habu Mai Bugu: Na san za a rina. A shekarun nan yawancin masu buga furojet da font, wato salon haruffa, mai suna Rabi'at suke samar da ƙ da ɗ da ɓ, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira. Ya yi mana rana ƙwarai a lokacin da ba wata hanya. Sai dai yadda yake aiki shi ne, an ɗauki wasu alamomi na allon rubutu an sa musu siffar baƙaƙen masu lanƙwasa. In kika buɗe takardar a sabuwar kwamfutar da ba ta da font ɗin, duk inda ƙ take sai ki ga wata alama ta baka ko sanda a tsaye. Mutum ya zaci bairos ne ya ci masa aiki. Saboda haka ki shiga C, ki shiga Windows, ki shiga Fonts, ki kwafe font ɗin ki ajiye tare da furojet ɗin. In da hali ma ki mayar da furojet ɗin PDF tun a tsohuwar, don ya daskare yadda yake.

Injiniya Sadi: Wallahi Malam Habu wannan bai zo min a rai ba. Na karɓi gyara.

Malam Habu Mai Bugu: Shekara ashirin ina kan wannan kujerar, Injiniya. Na ga mai digiri na biyu ya zauna a bencina yana kuka.

Zee: Tunda ana lissafa wuraren da ake mantawa: Desktop da Downloads. Mutane na kwashe Documents da Pictures su ce sun gama, alhali rabin rayuwarsu na Downloads. Hanya mafi sauƙi ki shiga C, Users, ki ga folda mai sunanki, duk suna ciki. Sai kalmomin sirri da burauza ta riƙe miki, Anti. In kin manta na imel ɗinki kuma laftof ɗin ce kaɗai ta sani, ki duba ki rubuta a takarda kafin ta tafi da shi.

Ɗan Damagaram: Ni fa ina mamakin ku. Har 2025 ta wuce kuna maganar sayen ƙarfe. Ta zuba a Google Drive mana, ma'ajiyar Google ta intanet, ko gobara aka yi kayanta na nan.

Umman Khairat: Giga 210 fa, ɗan'uwa. Datar wa?

Ɗan Damagaram: Ba duka ba, Hajiya. Google na ba kowa giga 15 kyauta. Karatun Baba murya ce, ba ta da nauyi. Na tabbata duka ba zai wuce giga biyu ko uku ba.

Zee: Giga 15 ɗin nan fa haɗe yake da Gmail da Google Photos. In wayarki ta riga ta cika shi da hotuna, saƙon imel ma daina shigowa yake. Kuma tun Disambar 2023 Google suka fara aiki da dokar cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba suna iya goge shi. Masu buɗe sabon imel don ajiya kawai su manta da shi, su kula.

Ɗan Damagaram: Sai ta riƙa leƙawa. Ko ta tura wa kanta a Telegram, fayil ɗaya har giga 2 yana ɗauka.

Hajiya Mama: Ku tsaya yara. Ni ban san giga ba, amma na san hotunan biki. Akwai na kamu, akwai na ɗaki, mata ba mayafi. Wannan ba abin da za a watsa wa intanet ba ne, a ce wai yana can a ajiye a hannun wanda ba ka sani ba. Haka kuma ba na son a ce ta kai laftof ɗin shago ta baro ta. Wata 'yar ƙanwata ta kai waya gyara, bayan wata biyu hotonta ya dawo mata ta hannun wanda ba ta taɓa ba shi ba. Umman Khairat, in za ki kai wa mai gyara, ki zauna a wurin, ko maigidanki ya zauna, a yi a gabanku.

Ɗan Damagaram: Mama, gaskiyarki a kan shago. Amma Drive ba watsawa ba ne, a kulle yake sai da kalmar sirrinki.

Hajiya Mama: Kalmar sirrin da yaron shago ne ya buɗe wa rabin matan unguwa imel ɗin, shi ya zaɓa musu ita?

Ɗan Damagaram: To, nan kam na yi shiru.

Injiniya Sadi: Ku biyun duk kuna da gaskiya, raba kayan za a yi. Karatu da takardu su hau intanet, hotunan ɗaki su zauna a gida a kan dis biyu. Wanda ya iya, ya ƙulle su da manhajar 7-Zip da kalmar sirri kafin ya ɗora. Amma ni ba na cika ba mutane wannan shawarar ba, don na ga waɗanda suka ƙulle suka manta mabuɗin, kuma wannan ba injiniyan da zai buɗe maka.

Abba Kwamanda: Ni na ji an ce in had-dis na ƙara a sa shi a leda a saka a firiza ya kwana, da safe zai yi aiki.

Baban Walid: Firizar da ita ma rabonta da sanyi tun shekaranjiya?

Injiniya Sadi: Abba, tsohuwar dabara ce ta zamanin da, kada wanda ya gwada. Da ka fito da shi cikin zafin nan raɓa za ta taru a kan faifan, ka kashe shi da hannunka. Kada kuma a buɗe murfinsa a ga abin da ke ƙara, ƙurar hunturu ƙwaya ɗaya ta isa ta karce shi. Sannan Hajiya, in Windows ta ce miki za ta duba dis ta gyara, ko wani ya ce ki yi difiragment, wato sake jera fayilolin da ke kan dis ɗin, ki ce a'a. Mara lafiya ba a sa shi gudu.

Abba Kwamanda: To in ta ƙi buɗewa gaba ɗaya fa?

Injiniya Sadi: Sai a kwance ƙasan laftof ɗin a zaro dis ɗin, a sa masa kebul na SATA zuwa USB, a soka a sabuwar kwamfutar kamar filash. Ni da a hannuna take ma haka zan fara, don tayar da Windows kanta wahala ce ga dis ɗin.

Malam Habu Mai Bugu: A nan ban bi ka ba, Injiniya. In aka zaro shi ba za ta iya mayar da furojet PDF a inda font yake ba, ba za ta ga kalmomin sirrin burauza ba. Kuma kwancewa na nufin shago, ga maganar Hajiya Mama. Tunda tana buɗewa, ta yi kunnawa ɗaya mai kyau ta gama komai.

Injiniya Sadi: Font ɗin ana iya kwafo shi ta kebul ma. Amma maganar shago gaskiya ce. Ta gwada kunnawa ɗaya. In kwafi ya tsaya cak ƙarar ta ƙaru, ta kashe, mu koma zarowa.

Malam Habu Mai Bugu: Saura guda. Sabon eksitanal ɗin kada ya zama na yawo. Kada a kai shi wurin masu tura finafinai, kada a kawo shi irin shagona a ce a buga takarda daga ciki. Bairos ɗin shotkot a nan yake kwana. Za ki soka ki ga foldodinki duk sun koma 'yan kibiyoyi. Ba gogewa yake ba, ɓoyewa yake, ana dawo da su da umarnin attrib, amma mutane da yawa tsoro ke sa su yi fomat su kashe kayansu da kansu. Ki ware ƙaramin filash na kai-da-kawo.

Admin: An goge saƙonni biyu na talla. Mai sayar da eksitanal ya bi ta akwatin sirri in an neme shi. A ci gaba.

Umman Khairat: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Ranar Asabar maigida ya sayo eksitanal, muka je gidan yayata mai sola. Daga ƙarfe goma na safe har bayan la'asar. Karatun Baba guda 63 ne, 61 sun wuce, biyu sun ƙi, da an kai rabi sai ta tsaya tana ƙarar nan. Hotuna sun wuce sai 'yan kaɗan. Font ɗin ma na samu, Malam Habu, Allah ya saka da alheri, na buɗe furojet a sabuwar na ga abin da ka faɗa da idona kafin na sa shi. Tambaya biyu: eksitanal ɗin an rubuta tera 1 amma kwamfuta ta nuna giga 931, an cuce mu ne? Sannan yanzu zan iya yi wa tsohuwar fomat in ba ƙanina?

Zee: Ba a cuce ku ba, Anti. Masu ƙerawa da dubu-dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024. Kowane mai tera 1 haka yake nunawa.

Injiniya Sadi: Alhamdu lillahi. Fomat kuma a'a, tukuna. Yanzu kayanki wuri nawa suke? In kika goge tsohuwar, wuri ɗaya ke nan, eksitanal. Kin dai sauya musu ɗaki ne, ba ki yi ajiyar ko-ta-kwana ba. Shi ma eksitanal faifai ne mai juyawa irin wancan, kuma ya fi shi haɗari don yana yawo. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma ba a gidan ba. A wurinki ga yadda zai kasance: ɗaya a sabuwar laftof, ɗaya a eksitanal, muhimman kuma a Drive ko a wani dis a gidan yayarki. Kuma ki zauna ki buɗe su. Ki danna dama a kan folda ki duba yawan fayiloli a nan da can ko sun yi daidai, ki saurari karatun nan ki ja shi zuwa ƙarshe, ki buɗe hotuna daga wurare daban-daban. Ganin suna ba shi ne ganin kaya ba.

Baban Walid: A nan kam ina bayan Injiniya, don ni aka yi wa. Duk hotunan aikin hajjin mahaifiyata na kwashe daga kwamfutar ofis na zuba a eksitanal na goge na can. Yana kan tebur yana aiki Walid ya ja kebul, ya faɗo ƙasa. Tsayin tebur kawai. Shi ke nan. Abin da ya rage mana sai waɗanda aka tura wa dangi a WhatsApp, su ma duk sun dushe don matse su yake yi.

Zee: Shi ya sa ka koma filash ɗin baro, Yaya?

Baban Walid: Na gwada shi da manhajar nan jiya. Giga 14 ne. Kada wanda ya sake yi min maganar.

Ɗan Damagaram: Allah ya mayar da alheri, Oga. Hajiya, in za ki tura wa 'yan'uwa karatun ko hotuna ta WhatsApp, ki tura su a matsayin dokumen, haka ba ya rage musu komai.

Injiniya Sadi: Maganar ƙaninki kuma: kada ki ba shi da wannan dis ɗin. Na farko, zai mutu a hannunsa da nasa kayan. Na biyu, maganar Hajiya Mama: dilit da fomat na gaggawa ba sa share hoto, sunansa kawai suke cirewa daga rajista, yaro mai manhajar Recuva zai dawo da su cikin minti kaɗan. A zaro dis ɗin ki ajiye a durowa, a sa masa ƙaramin SSD, wato ma'ajiya marar faifai mai juyawa, laftof ɗin ma za ta yi saurin da ba ta taɓa yi ba. Sai dai ya sani Microsoft sun daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 ma sun tsaya a Oktoban 2025, kuma na'urar 2013 ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba. In karatu da bincike zai yi, Linux Mint, wanda ake sawa a madadin Windows, zai ishe shi.

Abba Kwamanda: Injiniya ka fara wa'azin Linux ɗin naka.

Injiniya Sadi: Layi ɗaya na yi, Abba.

Umman Khairat: Na fahimta. Na zuba a sabuwar, karatun kuma na ɗora a Drive, giga ɗaya da ɗan kai ne duka. Na tura wa yayyena maza su ma. Biyun nan da suka ƙi su ne ke raina, ɗaya daga ciki na azumin ƙarshe ne da ya yi da mu.

Injiniya Sadi: Kada ki sake matsa wa dis ɗin a kansu. Akwai manhajar Linux, ddrescue, da ke tsallake wurin da ya lalace ta kwaso sauran, kuma fayil ɗin murya ko ya rasa 'yan daƙiƙu yawanci yana kunnuwa. Wannan aikin mai gyara ne, a gaban maigidanki. Amma kafin nan, wayar da aka ɗauki karatun da ita tana ina? Tana da memori?

Umman Khairat: Yanzu na kira ƙanina. Ya ce wayar ta daɗe da lalacewa, amma memorin ya ba Hajiyarmu tun bayan rasuwar, ta ƙulle shi a ƙyalle ta sa a cikin kwallarta tare da carbin Baba. Ranar Juma'a zan je gida.

Malam Habu Mai Bugu: Ki tafi da kad-rida, wato abin karanta memori, da sabuwar laftof ɗin, ki kwafa a gabanta ki mayar mata da abinta. Ba za ta bari ki fito da shi ba.